Kwalba Ta Biyu

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tela maƙwabcina ke rubuta min, in kin ga kuskure nasa ne.

Saƙonki ya iso, 'yan kwalabe biyu na gam ɗin nan ifoksi da kuke haɗawa a ɗakin gwajinku. Na shafa ɗaya a ƙafar kujerar mahaifiyarki da ta cire, na ɓoye ɗayar don gaba, ni ba almubazzari ba ne. Yau kwana tara bai bushe ba, ƙudaje kawai yake kamawa. Wannan ne abin da kika yi shekara goma kina karanta?

Ban manta ba, Uwata. A gaban masu sayayya kika ce gam ɗin fata da nake dafawa a gwangwani ya tsufa. Shi ya riƙe kujerar nan shekara arba'in. A kanta aka yi miki kitso, a kanta mahaifiyarki take zama bakin shago tana tsince min ƙusoshi daga cikin dusar katako, tana mitar wari. Na ce ki fita min daga shago, ban ce ki shekara biyu ba ki zo ba.

Ki gaida kowa.
Mahaifinki, kafinta

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar gida. Tarin ƙaramar 'yarki ya yi sauƙi?

Amsarki ta zo, tela ya karanta min sau biyu, yana dariyar da ba ta da dalili. Wai a cikin kwalbar farko akwai ƙananan zobba masu kusurwa uku, kowanne a takure yake, ba ya kama komai sai ruwan kwalba ta biyu ya buɗe shi. To wa ya faɗa min sai an haɗa su? Rubutun jikin kwalbar ko tela sai da ya sa tabarau. Kusurwa uku a takure kuwa na san ta tun ba a haife ki ba, kowane kafinta ya san a nan katako yake tsagewa.

Na kankare wancan da na shafa na goge ƙafar tas. Na gwada haɗin a guntun katako, daidai wa daida kamar yadda kika ce. Na sa guduma, katakon ya fashe, wurin haɗin bai motsa ba. Ban ce ya fi nawa ba. Ba shi da wari dai, da mahaifiyarki ta so shi.

Kujerar tana nan a kife, ban haɗa ta ba tukuna. Kin ce cikin minti biyar yake kamawa. Ni kaɗai ba zan iya ba, sai wani ya riƙe ƙafar ni kuma in ɗaure da igiya. Tela ya ce zai riƙe, na ce ya tsaya a kan allurarsa. Da can mahaifiyarki ce ke riƙe min. Ranar da ba ta nan, ke ce, kina tsaye a kan akwatin kayan aiki don ki kai.

Akwatin yana nan. Kwalaben kuma na toshe su da kyau, amma ban san iya kwanakin da suke jira ba. Ke kika sani.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, kafinta