Kwanan Watan Da Ke Gindin Gwangwani

Sauka Kahuta, Minna
3 ga Maris

Zuwa ga maigidana Zamani, Baban Favour,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya sanyin Gembu? Mu lafiya lau, sai kewarka.

Bari in fara da laifina. Gwangwanaye ukun nan da ka bar mini na ayar ruwa, wadda kake soya wa iyayen gidanka 'yan Sin da kaza, ɗaya ya kumbura. Ka ce in ajiye su wuri mai sanyi, marar danshi, nesa da murhu. Ni kuwa sai na jera su kan kabad dab da taga, don duk wanda ya shigo ya san mijina babban kuku ne. Ka kuma san zafin ranar Minna. Maƙwabciyarmu Maman Nma ta ce in huda in ɗanɗana, amma na tuna ka ce wanda ya kumbura guba ne, ko kaza kada a ba. Na binne shi a bayan gida, sauran biyun suna cikin kwali ƙarƙashin gado.

Ranar da kamfanin hanya ya tafi da kai, ka nuna mini kwanan watan da ke gindinsu, ka ce kafin ya cika za ka dawo ka dafa mini da hannunka. Shekara ɗaya da rabi ke nan, saura wata uku. Duk sanda nake shara sai na juya su na duba, sai ka ce lambar za ta canza.

Taka,
Phoebe

Sauka Kahuta, Minna
9 ga Yuni

Baban Favour,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan tarin da ka ce yana damunka ya tafi. Favour na gaishe ka, ko da yake hotonka take gaisarwa.

Ruwan farko ya shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa, kwalin ya jiƙe, gwangwani na biyu ya yi tsatsa har bakin murfi. Shi ma na yar. Saura ɗaya.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta inda ka ce kada in damu da kwanan wata, wai in dai gwangwani bai kumbura ba, bai lotsa ba, bai yi tsatsa ba, zai iya ƙara shekara. Na yarda, kai ne masani. Amma na yi kuka, Zamani, don na gane ba gwangwani kaɗai kake nufi ba.

To, kai ne kuma ka koya mini cewa da zarar an buɗe, sai a juye a roba mai murfi, a zuba ruwa mai tsabta, a sa a firij, a riƙa canza ruwan kullum, kuma ba ya wuce mako ɗaya.

Yau da safe na buɗe gwangwanin ƙarshe. Ayar fara tas, ban taɓa ko ɗaya ba. Tana firijin Maman Nma, tunda ita ke da sola. Mamudu direba ya ce wasiƙar nan za ta same ka jibi, hanya kuma kwana biyu ce. Ka roƙi iyayen gidanka, ko ka bar musu tukunyarsu. Zan canza ruwan kowace safiya har Lahadi, kuma zan sayi kaza ranar Asabar.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Phoebe