Yayana Ya Cire Tanki, Ni Za A Kora

Anti, don Allah ki agaza mini, kaina ya kusa fashewa.

Ni da yayana a masana'antar sabulu ɗaya muke aiki. Shi injiniyan zane ne, shi ke tsara inda kowane tanki da bututu zai zauna. Ni kuma ina ɗakin sarrafa injuna, ina saita zafi da gudun ruwan sabulu a kwamfuta. Yadda aka saba a wurin, sai sun gama zanensu, an gina, an ɗaure kusoshi, sannan a tuna da mu, a ce mu sa abu ya yi aiki.

A sabon layinmu na haɗa sabulu Yaya ya cire tankin da ke tsakanin tukwane biyu, wai yana cin fili. Tankin nan kuwa shi ke tare ruwan ya daidaita kafin ya wuce. Yanzu da tukunyar farko ta ɗan canza, sai abin ya afka wa ta biyu kai tsaye. Ƙararrawa ta yi ta ihu, sabulu ya fito yau ruwa-ruwa, gobe kamar dutse. Na saita, na sake saitawa, matsalar ba a kwamfuta take ba! Manaja ya ce in ban gyara ba zuwa ƙarshen wata zai kawo wani. Na sami Yaya a gida, ya ce tun ina wasan ƙasa yake zane. Mama kuma ta ce kada in kuskura in kunyata shi a gaban mutane. To in zauna a kore ni ke nan? Wallahi na gaji.

Ƙanwar Injiniya

Ƙanwata, kina da gaskiya, amma yayanki ba mugunta ya yi miki ba. Fili aka ce ya rage, ya kuma rage, bai taɓa wuni da ƙararrawar nan a kunnensa ba. Babban laifin na tsarin da ke kiranku bayan an gama ne.

Ki daina kai maganar gida. Ki gayyace shi ɗakinku na sarrafa injuna, ki ba shi kujerarki, ki ja bakinki ki yi shiru, ya gwada saitin da hannunsa. Daga nan ku je wurin manaja tare, da shawarar mayar da tanki ko ƙarami ne, ku kuma nemi a riƙa zama da ku tun ranar da za a fara zane.

In yayanki ya ƙi, ki je wurin manaja ke kaɗai ki faɗi abin da kika gani, ba zagi, ba habaici. Ladabi ga yaya wajibi ne, amma bai kai ki ɗauki korar da ba taki ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya tsare miki aikinki.