Wutsiyar Jirgin Baba

Zuwa ga yayata Davi Esinam a Takoradi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wasiƙar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan ƙalau muke. Mahaifiyarmu Dada ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwar Jemeni da kifinta. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutuna, tafukan hannuna ne suka saɓule, dalilin kuwa shi zan faɗa miki.

Kin tuna igiyar nan mai ƙulle-ƙulle da marigayi Baba yake bari tana jan ruwa a bayan kwalekwale? Tun da na gaji jirgin nake shan tsiya a kanta. Fo Kudzo mai gyaran taru kullum sai ya ce wai ga biri ya fito da wutsiyarsa, wai in ina tsoron ruwa in koma tuƙa tuwon akple da mata. 

Ran Talata na fita ni kaɗai. Iska ta cika ƙyallen buhunan da muka ɗinka muka ɗaura wa jirgi don ta riƙa tura shi, jirgi na gudu, na miƙe zan kwashe ruwa da ƙwarya. Sai jirgi ya daki kututturan nan na tsofaffin itatuwan da tafki ya haɗiye. Kafin in ankara ina cikin ruwa, jirgi ya yi gaba abinsa kamar bai san ni ba. Ba gaɓa, ba kowa, sai tsuntsaye. Wutsiyar ce ta zo wucewa ta gefen kunnena, na cafke ƙullin ƙarshe.

Davi, kamawa daban, hawa daban. Jirgi yana ja na, ruwa na shiga hanci da baki, in na matsa ƙulli ɗaya sai igiya ta zame ta tafi da fatar hannuna. Na kira Baba, na kira Dada, na kira har Fo Kudzo. Da na ga ƙarfi ba zai yi ba, sai na naɗe igiyar a damtse na kwanta rigingine, na bar shi ya yi ta ja na kamar mushen akuya. Ba abin da ya rage mini sai kallon ƙyallen. Mai haƙuri, in ji manya, shi ke dafa dutse, amma ranar ni dutsen ne ya kusa dafa ni.

Da rana ta take, iska ta kwanta yadda ta saba, ƙyallen ya saki jiki. Na lallaɓa na kama gefen jirgi, ya karkato zai kife a kaina. Na sake, na koma ta baya, hannuwa sun mutu, ƙirjina ya ƙi wuce bakin jirgin. Sai na yi zarge da igiyar, na sa ƙafa na taka, na faɗa ciki a kan kifi, ina amai ina kuka.

Ban gaya wa Dada ba. Ta kalli hannuwana, ta shafa musu man kaɗe. Washegari na same ta a bakin ruwa, ta kwance igiyar shanyarta tana ƙara wa wutsiyar tsawo. Fo Kudzo ya zo wucewa, ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ta ce ya zo ya riƙe mata ƙulli ko ya wuce. Ya durƙusa ya riƙe.

Ki gaida maigidanki Fo Senyo da yara, Dzifa da ƙaramin Edem. Kada ki bari su koyi jirgi ba wutsiya.

Ƙaninki,
Agbeko