Rimot ɗin da Ke Hannun Ƙanin Mijina

Litinin, 3 ga Maris
Na fito zan tafi aiki, babu mota. Ƙanin mijina ya sake ɗauka. Tun ranar jana'izar mijina ya zura rimot ɗin motar na biyu a aljihu, wai "kafin hankalinki ya kwanta, matar Yaya." Hankalina ya kwanta har ya yi minshari, rimot bai dawo ba.

Talata, 4 ga Maris
Na tambaye shi. Dariya ya yi. "Haba, ai duk gida ne." Gidan wa?

Alhamis, 6 ga Maris
Na zaro littafin motar daga ledarsa. Marigayi bai taɓa buɗe shi ba, Allah ya jiƙansa, shi kam komai ya sani. Na karanta manyan littattafai a rayuwata, babu wanda ya faranta mini kamar wannan layin: idan aka saita rimot daga farko, motar za ta manta duk wani rimot da ba ya ciki a lokacin.

Asabar, 8 ga Maris
Na shiga, na rufe ƙofofi, na yi ta murɗa makulli, kunna, kashe, kunna. Shiru. Gumi har cikin ido. Maƙwabciya ta leƙo: "Lafiya, ko kuka kike?" Na ce addu'a nake.
Ashe ƙofar baya ce ba ta kama ba. Na buga ta da ƙafa. Na sake. Ƙas! Makullai suka amsa. Na danna nawa, fitilu suka ƙyafta.

Lahadi, 9 ga Maris
Ta taga na kalli ƙanin mijina yana danne-danne. Ya ɗaga hannu sama, ya kara a haɓa, ya cire batir ya lasa.
"Matar Yaya, abin nan ya mutu!"
Na ce duk mai rai mamaci ne.
Sai ya tsuke fuska. Wai to wa zai riƙa kai Mama asibiti ranar Talata? Surukata ke nan, mai ciwon ƙafa. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Duk da haka ban ba shi ba. Ba zan bayar ba.

Talata, 11 ga Maris
Ni na kai ta. Duk hanya tana kushe tuƙina, ta ce ina taka birki kamar mai tsoron ƙasa. Da muka tsaya ta dube ni. "'Yar nan, da yatsun ƙafa kike tuƙi? Matso da kujerar mana."
A inda marigayi ya bar ta take, shi mai dogayen ƙafafu. Na ce haka na fi so.
A dawowa na matso da ita. Kaɗan. Saboda birkin ne kawai.