Tsani a Katangar Manaja

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka, ina sanar da kai cewa na yi baƙon da ba ya sallama. Kamfanin kai saƙonni ya mayar da saman gidana hanyar jiragensa marasa matuƙa, kowanne da idon ɗaukar hoto a ƙirjinsa. Shekaranjiya ina tsakar gida ba ɗankwali, ina taje furfurata, ɗaya ya tsaya a kaina yana gurnani. Da ya yi ƙasa ya sarƙe a igiyar shanya, na kife shi da kwandon wanki. Yana ɗakin ajiya. Sun kai ƙarata hukumar kula da jiragen, kuma zan je da ƙafata.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka

Ummana,

Ina gaisuwa, jikokinki ma suna gaishe ki. Umma, don Allah ki mayar musu da abinsu! Mutanen nan lauyoyi gare su kamar ƙasa. Ki bari in turo kafinta ya rufe tsakar gidan da kwano, magana ta ƙare. In kuwa hukuma ta ba su gaskiya, wallahi zuwa zan yi in ɗauko ki, ɗakinki na nan a gyare. Zaman kaɗaicin nan ya isa haka.

Ki huta lafiya.
Autanki

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarka ta iso, na kuma gyara kurakuran rubutunta da jan biro, domin mai hali ba ya fasa halinsa. Matar da ta shugabanci makaranta har ta yi ritaya ba a rufe ta da kwano kamar kaza.

An yi zaman. Manajan kamfanin, sa'anka ne, ya miƙe ya ce jiragensu wucewa kawai suke yi, ba sa ɗaukar komai a gidan kowa. Na nemi izini na ce, “Ɗan nan, ina da tsani. Gobe da hantsi zan jingina shi a katangar gidanka, in hau in zauna ina kallon maiɗakinka tana wanki. Ba zan ɗauki ko tsinke ba.”

Ya ce, “Haba Baba, ai wannan cin mutunci ne!”

Na ce, “Madalla. A rubuta, da bakinsa ya faɗa.”

Shugabar zaman ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Hukunci ya fito: jiragen su bi saman titi, su kau da ido daga gidajen mutane, a kuma goge hotunan unguwarmu a gaban idona. Da yamma manajan ya zo karɓar kayansa. Na bar shi a ƙofa sai da ya yi sallama yadda ya kamata, sannan na ɗage kwandon.

Ɗakin da ka gyara, ka ba jikokina su yi karatu a ciki.

Wassalam.
Mahaifiyarka

Ummana,

Na sallami kafinta. Zan zo ranar hutu, kuma daga bakin ƙofa zan yi sallama. Tsanin dai, don Allah, a mayar da shi ɗaki.

Autanki