Ƙaid a Kan Mijinki

Aikin farko yau: karɓo makullin mota daga hannun Salim.

Zuwa ga Yaya Hindatu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya a Mai Wurno. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu nan unguwar Sharafiyya a Jidda lafiya lau, Zubaidatu ta yaye Bilal.

Yaya, gara ki ji daga bakina. Ranar Juma'a bayan la'asar muna buga balot, kartar da ake yi a nan, mutum biyu a kan biyu. Mijinki Salim yana gefe ɗaya da Majid, ɗan kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa. Yaran Majid ɗin ne Salim yake kai wa makaranta. Dokar wasan ita ce ka bi irin katin da aka jefa in kana da shi. In ka saɓa, abokin hamayya ya ce ƙaid, makin ya koma gare shi. An jefa diman, Salim ya jefa has, alhali yana da diman. Duka jajaye ne, shi kuma ya daina bambance su. Ya daɗe yana haka, kowa yana kau da kai. Ni na ce ƙaid.

Majid ya yi dariya, ya ɗaga kati daga inda yake zaune, ya ce yalla, ammi, wato baffa Salim, ya faɗi sunan katin. Salim ya ƙanƙance ido, ya faɗa, bai dace ba. Majid ya ɗaga wani, sannan wani, har masu dariyar suka yi shiru. Sai ya tambaye shi ko haka yake ganin danja da 'ya'yansa a bayan mota. Halas, aiki ya ƙare, kuma ba za a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba.

Salim ya ce da na ja shi gefe, tunda shi ya kawo ni Jidda. Na ce masa makaho ba ya tuƙa 'ya'yan mutane. Ina ta tambayar kaina ko yaran na tuna a lokacin, ko makin. Ina jin makin ne. Amma katin has ne, Yaya, ban yi masa ƙarya ba. Ki share masa ɗaki, ki daina ce wa mutane mijinki direba ne a Saudiyya.

Ki gaishe da Inna, da Naja'atu, da Kawu Jaji.

Ƙaninki,
Zaharadden

Na gobe:
Gyaran famfon kicin.
Nemo wa Salim akwati.
Tambayar Majid ƙarfe nawa yaran ke tashi, tunda ni zan ɗauko su.