Mai Kwance Awakin Tungar Marke

Sabon Gari, Gusau
Satumba

Yaya Hasana,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Shehu da yara, da awakinki waɗanda na san sun fi ni matsayi a zuciyarki. Tunda hukuma ta rufe layukan waya don ta toshe wa 'yan bindiga kunne, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Direban Bungudu zai ajiye miki wannan a tasha.

Kawu Labbo ya bar gidana, ya koma Tsafe wurin ɗansa Tukur. Kin ji yadda ya iso mini bayan an tashi ƙauyensu: buhu ɗaya, buta, sanda, sai karensa Barsu. Awakinsa duk an kore. Da Tukur ya zo ɗaukarsa ya rantse kare ba zai shiga motarsa ba. Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Sa'adiya, amana." Na ce to, irin to ɗin da ake cewa idan mota tana jira.

Gaskiya karen bai yi mini komai ba. Ba ya haushi, ba ya taɓa kwano. Yana kwance inda Kawu ke shimfiɗa tabarma, yana kallona kamar mai jiran in yi bayani. Amma Alhajin da nake haya a gidansa ya tare ni ya ce, "Malama, tunda dabbar nan ta shigo, mala'iku sun daina shiga gidan nan." Ban tambaye shi ko da can suna shiga ba. Matan gidan kuma sun hana yaransu zuwa ƙofata, ana wanke duk inda karen ya taka.

To na nemi wani mai a-kori-kura da ke kawo yashi makarantarmu, na ce ya fita da shi gari ya sauke shi inda ba zai dawo ba. Ban tambayi ina ba. Kare ne, Yaya, zai sami wani gida. Kawu kuwa na aika masa cewa na ba wani manomi a Mada. Kada ki ɓata mini shiri idan kun haɗu.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Sa'adiya

Tungar Marke, Bungudu

Malama Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode da gaisuwa. Awaki suna amsawa, waɗanda suka rage.

Abin da kika yi wa Kawu bai kyautu ba, amma ba zan faɗa masa ba. Ni ma kare ne ya hana ni sukuni. Da can dila muke kuka da shi, ya ɗauki kaza ɗaya ya gudu. Yanzu duk ƙauyen da aka tasa, mutane sun tsere sun bar karnukansu, su kuma sun haɗa runduna a kwarin bayan gari. Ba su tsoron jifa. Sun ci jar akuyata, wadda na ce zan ba ɗiyata Husna idan ta yi sauka. Fata da ƙaho muka tsinta. Yarinyar har yau ba ta bari a ambaci akuyar.

Ga abin da ya ɗaure wa kowa kai. Kin san har a gama girbi awaki a turke suke, don kada su shiga gonaki. To da sassafe sai a tarar da turke babu akuya, kuma igiyar ba a tsinke ta ba, ba a tauna ta ba. An zare bakin igiyar daga kan turke lafiya lau, kamar yadda ni zan zare. Akuya ba ta yi kuka ba, ba wanda ya ji motsi. Sai can a ga gawarta a kwari. Malam ya ce kare ba ya da yatsu. Kowa ya yarda hannun mutum ne ke kwance su, karnuka kuma su ƙarasa.

An fara kallon Mu'azu, Bafulatanin nan na bakin gari, mijin Saude da ke kawo mini nono. Tun kafin a kawo ni garin nan yake zaune da mu. Amma yanzu kin san yadda ake kallon duk mai shanu. A masallaci an ce da ya tsaya sahu, sai na kusa da shi ya matsa.

Ke da kika yi boko har Zariya, babu wani maganin karnuka da gwamnati ke rabawa?

Yayarki, Hasana

Tsafe

Zuwa ga ɗiyata Sa'adiya,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ni ne kawunki Labbo. Nana Aisha matar Tukur ce ke rubutawa, abin da na faɗa shi take sawa.

Allah ya yi miki albarka da kika nema wa Barsu gidan gona. Birni ba wurinsa ba ne, ni ma ba wurina ba ne. Nan ana kula da ni, amma ina farkawa da asuba in rasa abin yi da hannuna.

Akwai saƙon da na manta, ki kai wa mutumin Mada. In yana da awaki, kada ya yi musu ɗaurin zarge a turke, ya ƙulle igiyar tam. Da gwiwata ta hana ni sunkuyo, na koya wa Barsu zare igiya da haƙori. Da gari ya waye zai bi turke ɗaya ɗaya ya sake su, ya wuce gaba su bi shi kiwo. Ba su gudunsa, don cikin awaki ya tashi, nonon akuya ya sha da uwarsa ta mutu. Bai san damina ba, bai san rani ba, shi dai aikinsa ya sani. Kada mutumin ya doke shi, ba ɓarna yake nufi ba. Kuma bai taɓa sa haƙori a jikin akuya ba, wannan na rantse.

Ki faɗa mini sunan mutumin, in riƙa sa shi a addu'a.

Nana Aisha ta ce in ce tana gaishe ki, kuma wai na cika surutu a kan kare.

Kawunki, Labbo

Gusau
Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Saƙonka ya isa inda ya kamata. Sunan mutumin Malam Buba. Barsu yana aikinsa kamar yadda ka koya masa.

Ɗiyarka, Sa'adiya

Gusau
Oktoba

Yaya Hasana,

Gaisuwa da jaje kan jar akuya. Ki ce wa Husna idan na zo za mu yi magana.

Maganin karnuka babu. Na leƙa ofishin da ya kamata, na tarar da kujeru uku da mutum ɗaya, shi ma baƙo ne yana jiran mai kujerar.

Amma ga shawara kyauta daga jami'a. Ki daina zura bakin igiya a turke. Ki ƙulle ta ƙulli sosai, irin wanda sai da farce ake kwancewa. Kada ki tambaye ni dalili, ki dai gwada.

Batun Mu'azu kuma, ina ganin mutanen garinku sun yi saurin yanke hukunci. Mutum zai kwance akuya ya ba karnuka don me? Ko ɓarawo yana da lissafi. Ku bi a hankali. Irin wannan magana takan mutu da kanta idan aka gama girbi aka saki dabbobi.

An dawo mana da layin waya a Gusau, na ji ku ba a dawo muku ba tukuna. Wayata tana ta ƙara, duk ba wanda nake son ji.

Ƙanwarki, Sa'adiya

Tungar Marke

Sa'adiya,

Sallama da gaisuwa.

Na yi ƙullin da kika ce. Tun ranar ko akuya ɗaya ban rasa ba. Na faɗa wa maƙwabta, Iya mai ƙosai ta ce, "Hasana, wanda ya iya zare igiya ƙulli ne zai gagare shi?" Aka yi dariya, ba wanda ya bi. Aka ci gaba da kwance nasu, har tunkiyar mai unguwa mai ciki.

Sai magana ta juyo kaina. Wai don me gidana kaɗai aka tsallake? Wai don Saude ƙawata ce, Mu'azu yake raga mini. Shawararki ita ce ta zama shaida a kansa. A rijiya Jummai ta ce mini, "Ki gaida aminanku, ki ce mu ma muna shan nono." Malam ya hana Saude shigowa gidan. Jiya na hango ta da ƙwarya a ka, ta tsaya daga nesa, ni kuma na shige ɗaki kamar ban gan ta ba. Allah ya yafe mini.

Samari sun ƙone wa Mu'azu harawar da ya tara wa shanu. Ya zo ƙofar mai unguwa ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Aka ce ba a bukata. An ce masa ya nemi wani wuri kafin a fara yankan dawa, in ba haka ba ba ruwan dattawa da abin da samari za su yi. Yana da ɗiya ƙanana huɗu da tsohuwar da ba ta gani. Hanyar daji kuma kin san yadda take.

Sa'adiya, ni na goya ki. Ba ki taɓa ɗaure akuya ba a rayuwarki. A ina kika san zancen ƙulli?

Hasana

Gusau

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta kwana biyu a jakata. Na karanta ta, na je aji, na koyar da darasi a kan haƙƙin maƙwabci, ɗalibai suka rubuta, na dawo na dafa shinkafa. Ina faɗa miki ne don ki san irin ƙanwar da kike da ita.

Ba Mu'azu ba ne. Barsu ne, karen Kawu. Kawu ya koya masa zare igiya daga turke ya kai awaki kiwo da safe. Aikin da yake yi muku ke nan. Yana fitar da su kamar yadda ya saba, sauran karnukan kuma suna jira a kwari.

Na san haka tun lokacin da na aiko miki zancen ƙulli. Ban da tabbas a lokacin, kuma na kula sosai kada in samu. Mai a-kori-kurar nan kullum yana sauke yashi a bayan ofishinmu, ni kuma na koma bin ɗaya ƙofar. Yau na tsaya na tambaye shi. Ya ce ya wuce Bungudu kaɗan ya sauke karen a mararrabar garinku, saboda ya ga akwai inuwa da ruwa. Wato shi ma ya fi ni tunanin karen.

Na zaci idan na tsare miki awakinki na biya abin da ke kaina, ba tare da Kawu ya ji ba, ba tare da garinku ya san ƙanwar matar Malam Shehu ce ta jefo musu masifa ba. Ban sa Mu'azu a lissafin ba. Na ɗauka maganar ƙauye ce, za ta wuce.

Ki kai wa mai unguwa wannan takarda yau, a karanta ta duka, da sunana. Su laɓe bayan danga bayan sallar asuba su gani da idonsu. Fari ne mai baƙin kunne ɗaya. Na san abin da za su yi masa. Ban da bakin roƙo, amma idan da hali a yi da sauri.

Ki je wurin Saude da kanki.

Sa'adiya

Tungar Marke
Nuwamba

Sa'adiya,

Sallama.

An laɓe, an gani. Karen ya zare igiya uku, ya wuce gaba yana kaɗa wutsiya, awaki na biye. Maharbi ya gama da shi a bakin kwari, harbi ɗaya. An kashe wasu daga cikin sauran, wasu sun gudu.

Mu'azu ya riga ya tashi. Ranar da takardarki ta iso tasha, a ranar da safe aka ga bukkokinsa babu kowa. Na je da kaina, toka ce kawai da sawun shanu da ya yi arewa. Mai unguwa ya ce ya kamata a bi shi a ba shi haƙuri. Kowa ya ce haka ne. Ba wanda ya san inda za a bi, kuma ba wanda ya miƙe.

Ban ba da takardar duka ba. Malam ya ce a nan muke zaune, a nan yaranmu za su yi aure. Abin da ya shafi dabarar kare kawai aka karanta. Yanzu gari ya ɗauka da yabonki, wai daga Gusau kika gano abin da ya gagari dattawa. Iya mai ƙosai ta ce lallai a bar Husna ta yi karatu ta zama kamar ke.

Kawu kuma naki ne, ni ba zan faɗa masa ba.

Mai unguwa ya ba da zabi biyu a kawo miki tukuici. Suna hannun direba, an ɗaure musu ƙafa. Ki karɓa, don zai tambaya ko sun isa.

Yayarki, Hasana